Kiran Inna da Maririyar Kan Dutse

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa. Akwai garuruwan da na yi fatauci a cikinsu waɗanda yanzu ko sunansu sai na yi dogon tunani, akwai kuma mutanen da muka ci tuwo a akushi ɗaya da fuskokinsu suka ɓace mini gaba ɗaya. Amma tafiyar da na yi zuwa wani dutse a ƙasar kudu don in kirawo yayana, wannan kam tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a sa ni a ƙasa. Abin ya faru 'yan shekaru kaɗan kafin a shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gagarawa. Lokacin ina da ƙarfina, ban daɗe da aure ba, matata tana goyon ɗanmu na fari.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, ni ne auta, waɗanda ke tsakaninmu duk sun koma tun suna ƙanana. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a yamma da Gagarawa, kowa manomi, kowa ya san abin da ke cikin rumbun kowa. Yaya ba malalaci ba ne, amma fartanya ba ta taɓa kama zuciyarsa ba. Tun yana yaro, in aka neme shi a gona aka rasa, to yana bayan gida yana ɗaure wa gauraka karyayyen fiffike, ko yana ɗura wa ɗan barewar da maharba suka kashe uwarsa nonon akuya. Mutane suka mai da shi abin dariya. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi. Gida biyu aka je nema masa aure, duka biyun aka ba da haƙuri. Da Baba ya rasu, sai aka aiko wa dagaci ya ba da mutanen da za su ɗauki kayan Turawa zuwa ƙasar da ake haƙar kuza. Ba a kira sunan Yaya ba, shi ya miƙe ya ce zai je. Waɗanda suka tafi tare duk suka dawo kafin faɗuwar ruwa. Shi bai dawo ba.

Shekaru suka yi ta wucewa, ba saƙo, ba labari. Sai wata rana wani bafataken kanwa daga Maigatari, wanda ya saba shayar da jakunansa a rijiyarmu, ya ce ya gan shi da idonsa. Ya ce akwai wani Bature, dā likitan shanu ne, ya kewaye kan wani dutse ya tara namun dawa iri-iri yana kiwo, kuma yayana ne babban mai kula da su. Mutanen da ke bakin rijiya suka yi dariya, suka ce ai ya sami 'yan'uwansa.

A shekarar damina ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ana sussukar ƙarangiya ana yin tuwo da ita. Daga Sule Tankarkar har Gumel labarin ɗaya ne. A cikin wannan hali ƙafafun Inna suka fara kumbura, ta daina zuwa rijiya, daga baya ko tsakar gida sai an riƙe ta.

Wata safiya ta kira ni ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Auta, na ji an ce ayarin kanwa zai tashi kudu.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

Ta ce, “Ka bi su.” Sannan ta ce in je in gaya wa wane tana kira. Sunansa ta faɗa, sunan yanka, da bakinta.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, sai dai ta ce “yayanka” ko “wancan”. Da na ji shi ran nan, sai na san ta ji wani abu a jikinta da ba ta gaya mana ba.

Ta sa matata ta ɗauko wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gado. Gyaɗar iri ce a ciki, wadda muka ɓoye don shuka, da ɗan guntun aya. Ta ce a soya a daka a yi masa dakuwa, yana sonta tun yana yaro. Na ce, “Inna, iri ne fa.” Ta ce, “Na sani. A kai masa.” Ita da kanta ta mulmula, tana zaune, ta ƙulle a tsumma mai tsabta.

Na bi ayari a matsayin mai korar jakuna, ladana shi ne abin da zan ci a hanya. Mun daɗe muna tafiya. Duk garin da muka sauka yunwa ta riga mu isa, yara su kewaye murhunmu su tsaya, ba sa roƙo, kallo kawai suke yi. Ƙullin dakuwar nan yana ɗaure a ƙuguna, ina jin ƙanshinsa in rana ta yi zafi, ga yunwa, amma ban taɓa kwance shi ba.

Ni ɗan ƙasar yashi ne. A wajenmu abin da ya fi komai tsawo shi ne kuka, in ka tsaya a bakin gari kana hango mai zuwa tun yana kamar ƙuda. Ranar da na fara ganin duwatsun kudu na ɗauka hadari ne ya haɗo, har na yi murna. Madugu ya yi dariya ya ce, “Wannan hadarin ba ya zubar da ruwa, samari. Can za ka hau.” Ya nuna mini ɗaya da ke gefe, ya ce ayari zai wuce kasuwannin gaba ya sayar da kanwa, in sun juyo za su same ni a gindin dutsen, kuma ba za su jira ni ba.

A gindin dutsen akwai ƙauyen mutanen wurin, ba Hausawa ba ne, su ma yunwar ta taɓa su. Na tarar da jakuna suna hawa da buhunan dawa, mata da yara suna bin su a baya da ƙore, suna tsintar abin da ke zuba daga ɓular buhu. Na tambayi mai jakunan ina za a kai. Ya ce, “Gidan namun dawa. Abincinsu ne.” Na ɗauka wasa yake yi.

Hawan ya ba ni wuya. Numfashina ya riƙa tsayawa, in na waiga baya sai in ga ƙasa tana juyawa. Amma da na kai sama sai na ga wata duniya daban. Iska mai sanyi, ciyawa kore a tsakiyar rani, ruwa yana ɓulɓulowa daga tsagin dutse yana gangarawa ba mai tare shi. Na tuna yadda matata take jan guga a rijiyarmu har tafin hannunta ya tsage. An gina katangar duwatsu mai tsawo, an bi ta da shingen ƙaya. Mai gadin ƙofa ya tambaye ni wa nake nema, na kwatanta masa. Ya ce, “Au, Sarkin Dawa kake nufi.” Ya aika a kira shi.

Da ƙyar na gane shi. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi sheƙi, yana sanye da gajeren wando irin na ma'aikatan Turawa, hannunsa duk tabon cizo da yakushi. Shi kuwa nan take ya gane ni. Ya riƙe kafaɗuna yana duba na, ya ce, “Auta, kai ne ka rame haka?” Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na ce suna gaishe shi. Da ya zo kan Inna na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce, “Bari ka ci abinci tukuna.” Ya sa aka kawo mini tuwon dawa da miya har da nama. Ina ci ya ce, “In ka gama zo in nuna maka wurin.” Yanzu da nake tunawa, ina ganin ya san abin da ya kawo ni, yana ja da lokaci ne kawai.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya ƙayatar da ni. An raba shi gida-gida, kowane iri da filinsa, da inuwarsa, da kwamin ruwansa. Ga bareyi garke guda, suna jin muryarsa suka sheƙo suna shinshinar hannunsa. Ga gada, ga gwanki da ƙahonsa kamar lauje, ga jiminu suna taku kamar matan sarki. Ga raƙumin dawa guda biyu, na ɗaga kai ina kallonsu har hulata ta faɗi. Birai suna ta tsalle a kan duwatsu, ɗaya ya miƙo hannu ya cafke gefen rigata. Can ƙarshe akwai kogon da aka toshe da ƙarafa, damisa tana ciki tana kai da kawowa, ba ta ko kalle mu ba. Yaya yana tafe yana ba ni tarihin kowace: wannan a tarko aka same ta, wannan gobarar daji ce ta raba ta da uwarta, wannan shi ya yi jinyarta wata guda. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. A ƙauye kansa kullum a sunkuye yake, a nan kuwa ma'aikata suna rusuna masa.

Na ce, “To, Yaya, in sun yi ƙiba yanka su za a yi?”

Ya yi dariya ya ce a'a. Ya ce Baturen yana ganin bindiga ta yawaita a ƙasa, kuma tun da gyaɗa ta yi daraja ake ta sassabe daji, kafin mu tsufa babu abin da zai rage. Shi ya sa yake tara su, mace da namiji, in sun hayayyafa a mai da 'ya'yan daji inda ba a farauta. Na ji maganar kamar tatsuniya. Daji ya ƙare? A lokacin kura tana ɗaukar akuya a bayan gidanmu.

Muna cikin zagayen aka zo ba su abinci. A gabana aka kwance buhun dawa aka juye a kwami, jiminu suka hau haɗiya. Abin da jimina ɗaya ta haɗiye ina tsaye zai ciyar da gidanmu yini guda. Aka yanka akuya lafiyayya aka jefa wa damisa, ta ci rabi ta bar sauran ga ƙudaje. Na tsaya ina kallo. Na tuna Inna tana tauna tuwon ƙarangiya da dasashinta.

Daga ƙarshe ya kai ni wani fili da ke can gefe, inda aka yi rumfa mai kauri aka zuba yashi a ƙasa, yashin da aka ɗauko daga rafi a kan jakuna. Ya ce in yi magana a hankali. Wata dabba ta taso daga rumfar. Fara ce fat, wuyanta ja kamar an shafa mata jar ƙasa, ƙahoninta dogaye sirara sun lanƙwasa baya har sun kusa taɓa gadon bayanta. Cikinta ya yi nauyi. Ta zo ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa.

Ya ce, “Ka san wannan?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Mariri ke nan. 'Yar ƙasarmu ce, daga arewa da Maigatari aka kawo ta tana 'yar jaririya, ni na shayar da ita. Baba yana cewa da yana yaro garkensu yana ratsa gonarmu in rani ya yi. Ka ga kai ko ganinsa ba ka taɓa yi ba. Namijin da muka haɗa ta da shi ya mutu da sanyin bana, dutsen nan bai karɓe su ba. Abin da ke cikinta shi ne kawai ya rage mana.”

A nan, bakin shingen, na ce, “Yaya, Inna ba ta da lafiya. Ta ce in gaya maka tana kira.” Na kwance ƙullin na miƙa masa. Na gaya masa gyaɗar iri ce, na gaya masa da hannunta ta mulmula. Sannan na ce, “Sunanka ta faɗa.”

Ya dube ni ya ce, “Inna?”

Na ce, “Da kunnena na ji.”

Ya zauna a kan wani dutse. Ya ɗauki dakuwa ɗaya ya gutsura, yana taunawa hawaye yana zuba, bai share ba. Na ce a raina shi ke nan, gobe za mu sauka. Sai maririyar ta zuro kai ta tsakanin itatuwan shinge tana shinshinar hannunsa. Bai ko duba ba, hannunsa ya saba, ya buɗe tafinsa ta lashe sauran. Na san ba da gangan ya yi ba. Amma na ɗauko abin nan a ƙuguna na ratsa garuruwan yunwa ban taɓa ko ɓarɓashinsa ba, ga shi a bakin dabba. Haushin abin ya kama ni, kuma ban ce ya sauka duka ba har yau.

Da ya natsu ya ce, “Auta, zan zo. Amma ba yanzu ba. Haihuwarta ta kusa, kuma ba ta cin abinci daga hannun kowa sai nawa. In na tafi za ta mutu da abin da ke cikinta. Da ta sauka, ɗan ya tsaya da ƙafarsa, zan taho.”

Na ce, “Yaushe ke nan?”

Ya ce, “Kafin ruwa ya zauna, in Allah ya so.”

Ban yarda daga zuciyarsa maganar ta fito ba. Na ɗauka tsoron Baturen yake ji, don a lokacin wanda ya bar aikin Bature ba izini yana iya ganin tashin hankali. Washegari da hantsi, Yaya yana wajen bareyi, na tafi gidan Baturen ni kaɗai. Na same shi a baranda, dogo ne, ramamme, idonsa ya yi rawaya da zazzaɓi. Na tuɓe takalmi na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Uwarmu tana kwance, tana kiran yayana. A taimaka a sake shi ya je ya gan ta.”

Yana jin Hausa, sai dai a karkace take fita. Ya ce, “Wa ya riƙe shi?” Ya sa aka kira Yaya, ya ce masa a gabana, “Uwarka ba lafiya, ka tafi. Aikinka yana jiranka. Mariri, za mu yi ƙoƙari.” Har ya ce a ba shi jaki ya hau.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Zan tafi in ta haihu.”

Baturen ya dube ni ya buɗe hannuwa, kamar mai cewa ka gani. Da ya hana, da na sami wanda zan ɗora wa laifi, in koma gida in ce Nasara ne ya raba uwa da ɗanta, kowa ya tsine masa mu huta. Wannan ma ban samu ba.

Da muka fito na tare shi a hanya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, “Yaya, dabba ce fa. Wadda ta haife ka tana can ƙafarta kamar turmi.”

Ya ce, “Inna tana da kai, tana da matarka, tana da gari guda. Wannan ba ta da kowa sai ni. Ciwon ƙafa kuma ba yau tsofaffi suka fara shi ba, yana ɗaukar lokaci. Za ta jira ni.”

Na ce, “Wa ya ba ka wannan alkawarin?”

Ya ce, a hankali, “Kai ba ka san yadda na zauna a garin nan ba, Auta. In na wuce a yi dariya, in na zauna a yi dariya. Nan ne kawai na taɓa yin abin da wani ya ce ya yi kyau. Ka bar ni in ƙarasa wannan ɗaya.”

Na zauna 'yan kwanaki ina jiran ayari, kullum ina zuwa bakin shingen ina duban cikin maririyar, ina roƙon Allah ta haihu kafin su iso. Ban taɓa yi wa dabba addu'a da ƙiyayya a zuciya ba sai ita. Ba ta haihu ba. Ranar da aka hango jakunan madugu, Yaya ya rako ni har gindin dutse da buhun dawa a kan jaki, rabonsa ne na aiki da ya tara. Zuciyata ta ce in bar masa kayansa. Na tuna ɗana da matata, na karɓa. Wannan ma yana cikin abin da ke yi mini ɗaci: ban iya ko yin fushi yadda ya kamata ba, yunwa ba ta bar ni ba.

Na isa gida da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta an jingina ta da bango. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba. Da ta ga ba kowa, ta ce, “Sannu da hanya, Auta.” Na durƙusa. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan ce, amma da na zo gabanta sai gaskiya ta fito. Na ce yana lafiya, ya yi ƙiba, ana girmama shi, ya ci dakuwa har ya yi kuka, ga hatsi ya aiko. Ya ce yana nan tafe, wata dabba ce da yake kiwo ta kusa haihuwa, yana jira ta sauka.

Ta ce, “Dabba.”

Na ce, “I, Inna. Mariri.”

Sannan ta ce, “Haihuwar fari ce?”

Na ce haka ya ce.

Ta gyaɗa kai ta ce, “Ta fari tana da wuya. Allah ya sauke ta lafiya.”

Da ta zage shi, da ta yi kuka, da na fi samun sauƙi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta ci tuwon dawarsa, ta ce a gode masa. Abin da kawai ta roƙa shi ne a riƙa fito da ita da safe a zaunar da ita inda take ganin ƙofar gida. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka da irin da muka samu wajen dangin matata. Gero bai kai gwiwa ba Allah ya karɓi abinsa.

Ya zo. Wannan kam bai yi ƙarya ba. Bayan an share makoki an naɗe tabarmi, wata rana da azahar sai ga shi a kan jaki, da turmin zane da ya sayo mata. Tun daga bakin rijiya aka gaya masa. Ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida da zanen a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Na kai shi maƙabarta na nuna masa, na dawo na bar shi. Da yamma, don kada shirun ya kashe mu, matata ta tambaye shi dabbar. Ya ce ta haihu, mace, tana tsaye da ƙafarta. Ba wanda ya ce masa barka.

Bai yi mako ba ya koma, don idon mutanen gari ya fi dariyarsu ta dā zafi. Bayan kamar shekara biyu ciwo ya ci ƙarfin Baturen aka mai da shi ƙasarsu, kuma ba a sami wanda zai ɗauki nauyin wurin ba. Aka buɗe wa bareyi da gwanki ƙofa, mutanen da suka daɗe suna kallon buhunan dawa suna wucewa suka bi su da baka. Damisa aka harbe ta. Maririyar da 'yarta aka sa su a akwatin katako, aka kai su jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Yaya ne ya lallashe ta ta shiga akwatin, don ba ta yarda da kowa ba sai shi. Daga nan ya dawo ƙasarmu, lokacin jirgi ya iso, ya zauna a Gagarawa Tasha yana shayar da jakunan masu kawo gyaɗa. Bai yi aure ba. Muna gaisawa, ina aika masa hatsi da kaka, da ya kwanta ciwo ni na yi jinyarsa, ni na rufe masa ido. Amma maganar Inna ba mu taɓa yin ta ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar Yaya da Baturen ta tabbata. Dajin da na ce ba zai ƙare ba ya ƙare a kan idona. Daga nan har Maigatari gona ce take bin gona, barewa sai a bakin tsofaffi, jikokina in na ce mariri sai su tambaye ni ko tsuntsu ne. Aikin da Yaya ya ba da ransa a kai aikin kirki ne, na yarda da wannan yanzu, kuma ina roƙon Allah ya ba shi ladan kowace dabba da ya shayar. Amma yarda da haka bai cire mini hoton tsohuwar nan tana ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama ba.

Abin da na koya shi ne, ba mugun abu kaɗai ke hana mutum sauke hakkin da ke kansa ba. Sau da yawa abin kirki ne yake riƙe shi, ya ba shi hujja mai kyau, ya ce masa na gida za su jira, alhali ba wanda ya san kwanan wani. Tun daga shekarar nan, ko ina tsakiyar ciniki ne a wata ƙasa, in aka aiko aka ce tsoho ko mara lafiya yana kirana a gida, ba na tambaya ko abin na gaggawa ne. Takalmina nake nema.